Rantsuwar Malam Sallau

Rabi'atu na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa ita da mahaifiyarta Habi, sai suka ji sallama daga zaure. Tun kafin a amsa ta gane muryar, ƙwaryar da ke cinyarta ta kusa kifewa.

"Ke, bi a hankali!" in ji Habi tana dariya. "Ba gudu zai yi ba. Ɗauki mayafi ki je."

Abdulra'uf ne, ɗan Iliyasu maɗinki, wanda aka yi musu baiko tun bara. Mahaifinsa kan tafi cin rani Kano, a can ya bar shi hannun wani ɗan'uwansa, aka sa shi boko har ya kai sakandare. 'Yan lakwal, wato makarantar boko ta nan garinsu Matamaye, Faransanci suke yi, shi kaɗai ke jin Ingilishi a unguwar. Wannan karon hutun ƙarshen shekarar 1954 ya kawo shi gida.

Bayan sun gaisa Rabi'atu ta hango wani ɗan littafi ya leƙo daga aljihunsa. Ta ce, "Wannan fa, Yaya Abdu? Har zance da shi ake zuwa?"

"Shi muke yi a ajin Ingilishi. Wasan kwaikwayo ne na mutanen Girka, waɗansu mutanen da, sun shuɗe tun kafin Annabi Isa. Ticha ya raba mana, kowa da wanda zai zama. Ni sarki aka ba ni."

"Iye! Sarki ba rawani?"

Ya yi murmushi ya ba ta labarin a taƙaice. Wani sarki ne ya faɗi magana cikin fushi a gaban jama'a, aka yi ta ba shi baki ya ƙi janyewa, har mutanen gidansa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

"Kuma ba a sasanta ba?"

"Irin nasu labarin ba a sasantawa, Rabi. Da kuka ake tashi."

"To yi mini kaɗan in ji yadda sarki yake magana."

Ya miƙe, ya gyara murya, ya ɗaga hannuwansa biyu sama yana zuba Turanci. Rabi'atu ta toshe baki tana dariya. Ba su ji shigowar mahaifinta ba, Malam Sallau, wanda ya dawo daga sallar la'asar da carbi a hannu.

"Wa kake roƙo?" Malam ya tambaya.

Abdulra'uf ya durƙusa. Da ya ce waƙa ce da an wuce wurin, amma bai saba da ƙarya ba. Ya ce, "Baba, sarkin cikin littafin ne yake kiran allolinsu. Karatu ne kawai..."

"Allolinsu! Da bakinka, a zauren da nake biya wa mutane Alƙur'ani?" Muryar Malam ta tashi har maƙwabta suka leƙo. "Wallahi tallahi, muddin ina numfashi ba zan ɗaura auren 'yata da mai ɗaga wa gumaka hannu ba! Tashi ka ba ni wuri!"

Washegari Iliyasu ya zo da dattawa biyu suna ba da haƙuri. Malam ya ce ya riga ya rantse, kuma jama'a sun ji. Kafin azahar an mai da kayan baiko.

Ana gobe zai koma, Abdulra'uf ya aiko ya roƙi Habi ta bar shi ya yi magana da Rabi'atu a ƙofar gida. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Na yanke shawara. Zan ƙona littafin nan a gaban Baba, in bar makarantar, in zauna in koyi ɗinki."

Rabi'atu ta share hawaye da bakin mayafi. "In ka ƙona shi, ka yarda ke nan gumaka ka roƙa. Su ka roƙa?"

"Wallahi a'a!"

"To koma ka gama karatunka. Ni ce na sa ka, laifin nawa ne. Ba zan saɓa wa Baba ba, ba kuma zan saurari wani manemi ba. Allah na nan."

Haka aka shiga shekara, aka fita. Malam Sallau mutum ne mai zafi, amma ba azzalumi ba ne, bai taɓa cewa ga wanda za ta aura ba. Manema suka zo daga Tsauni, wani ɗan kasuwa ya zo daga Damagaram, duk ta sallame su cikin ladabi. Ƙawayenta suka yi aure, suka yi goyo. In ta je rijiya sai mata su yi shiru, in ta juya ta ji ana cewa, "Tana jiran ɗan Ingilishi." Takan dawo ta sauke tulu ta shige ɗaki, Habi ta bi ta ta zauna kusa da ita.

Wasiƙa kan zo jefi-jefi, da ajami, ta hannun mahaifiyar Abdulra'uf zuwa ga Habi. Akwai ɗaya da Rabi'atu ta karanta har takardar ta yage. A ciki ya rubuta: "Mun yi wasan a gaban dukan makaranta. Da na zo ƙarshe, inda sarki ya tsaya shi kaɗai a gida babu kowa, kuka ya ƙwace mini na gaske. Ticha ya yi ta yabo, bai san abin da ke raina ba. A jarrabawa an tambaye mu, laifin sarki ne ko na ƙaddara? Na rubuta cewa sarkin ba mugu ba ne, tsoro ya ji kada a ce ya lashe amansa. Ina rubutawa ina tuna Baba Malam, Allah ya yafe mini."

A damina ta uku tari ya kama Habi. Aka yi na gida, aka kai ta wajen likita a Damagaram, aka dawo da ita ta rame kamar ba ita ba. Rabi'atu ce ke jinyarta. Wata safiya tana ba ta kunu Malam ya shigo dubiya, Habi ta ture ludayin.

"Malam, zauna. Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba."

Ya zauna a bakin gado.

"Kai kake koya wa mutane kaffarar rantsuwa. Na sha jinka daga nan ɗaki: a ciyar da miskinai goma. Shekara ashirin da shida ina dafa abinci a gidan nan. Ka ba ni izini in dafa wannan, ko da rarrafe zan je murhu. Ina so in ga an sa wa yarinyar nan lalle da idona."

Malam ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ki ji da lafiyarki tukuna," ya tashi ya fita. Rabi'atu ta leƙa ta gan shi tsaye bayan rumbu yana goge ido da hannun riga. Ta ce a ranta, gobe zai sauko. Gobe ta zo, jibi ta zo, bai sauko ba. Ranar Alhamis da hantsi Habi ta cika, kanta a kan cinyar 'yarta.

"Inna! Wayyo Inna, kin tafi kin bar ni da wa?"

Abdulra'uf, wanda a lokacin ya gama makaranta, ya biyo motar gyaɗa ya iso ranar sadakar uku. Ya zauna can ƙarshen tabarma ya yi ta'aziyya. Malam ya ce, "Mun gode," bai ƙara ba. Rabi'atu ba ta ko gan shi ba, labari kawai ta ji. A wannan karon ta fid da rai.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in, Malam ya kira ta da sassafe. "Rabi, ɗebo hatsi a rumbu. An yanka akuya tana zaure. Ki yi tuwo mai kyau."

"Baƙi za a yi, Baba?"

"Ke dai ki yi."

Ta yi daka, ta tuƙa, ta yi miya. Da rana ta take ta leƙa zaure don ta san yawan kwanukan da za ta zuba. Babu malami ko ɗaya, babu attajiri. Makafi ne, da guragu, da waɗansu tsofaffi marasa galihu, Malam da kansa yana shimfiɗa musu tabarma. Ta ƙirga su. Ta sake ƙirgawa. Goma ne cif. Ta koma gindin murhu ta durƙushe tana kuka, mara a hannunta.

Da suka ci suka watse, Malam ya shigo ya tsaya a kanta. Ya ce, "Tun ranar na san yaron nan bai yi shirka ba. Mai ba da labarin kafirci ba kafiri ba ne, ni na karanta wannan da kaina. Bakin mutane na ji wa tsoro. Uwarki ta roƙi ta dafa abincin nan na hana ta, yanzu ko me na yi ba za ta gani ba. Ki yafe mini, Rabi."

"Baba, ba ka yi mini komai ba," ta faɗa cikin shessheƙa. "Allah ya yafe mana duka."

Bai aiki kowa ba. Ya ɗauki sandarsa ya taka da ƙafarsa har gidan Iliyasu, mutane na kallo.

Bayan kaka aka ɗaura aure, babu kiɗa babu guɗa mai yawa. Gwaggonta ce ta sa mata lalle, su biyu suna kuka. Allah ya ba su zaman lafiya, 'yar da suka fara haifa aka sa mata sunan Habi.

Rabi'atu ta yi haƙuri, ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba, ba ta kuma ci amanar wanda take so ba, Allah ya ba ta abin da ta jira. Iyaye kuwa su ji tsoron rantsuwa cikin fushi. In ta riga ta fita, addini ya buɗe ƙofar gyara, sai a yi hanzari a shiga tun waɗanda za su yi farin ciki da gyaran suna raye.