Ranar da Na Sallami Mai Gadin Ikilima

Wata Laraba da la'asar sakaliya na taka da ƙafata har shagon Muhammadu Lawal mai gyaran kwamfuta, nan cikin Kazaure. Na ce ya zo ya duba min ta Ikilima.

Ikilima jikata ce, ni na goya ta. Da kwamfutar nan take buga wa ɗalibai takardu a ɗakina, kafin hatsarin mota ya ɗauke min ita a hanyar Babura. Muryarta tana cikin kwamfutar. Ta taɓa ɗaukar hirarmu muna tsinkar zogale, tana cewa, "Tsohuwa, haƙoranki nawa suka rage? In ara miki biyu?" Ta nuna min inda ake dannawa. Ba ni da boko, amma wannan na riƙe.

Bayan rasuwarta sai abin ya sauya hali. Da na kunna, lambobi su fara hawa, su kai arba'in, su tsaya, su koma baya. Sai na yi zaman awa guda kafin a bar ni in ji ta.

Muhammadu Lawal ya duba, ya ce, "Hajja, sabunta kanta take son yi, antibayiros ke tare ta. Kamar tsohon mai gadi ne, baƙo da ɗan gida duk kora yake."

"Ikilima ce ta sa shi."

"Allah ya jiƙanta. Amma sai an cire."

"Cire," na ce. Ni, da bakina.

Ya cire, lambobi suka fara hawa. Aka kira magariba. Yana sa takalmi ya ce, "Kome za a yi kada a kashe ta, Hajja. In ta mutu a tsakiya, abin da ke ciki ya tafi."

Tun ina yarinya ban taɓa barin ƙofa a buɗe da magariba ba. Ranar na bari, don kada ya dawo ya yi ta bugu.

Na shimfiɗa dardumata, idona na kan lambobin. Talatin da tara. Arba'in.

Arba'in da ɗaya.

Awakina suka yi tsit. Na ji ƙamshin man da Ikilima ke shafawa, can ƙasansa kuma wani ƙauri, kamar gashi a wuta.

Madannan kwamfutar suka fara motsi da kansu. Kas. Kas-kas. Kujerar ta yi ƙara irin ta an zauna.

"Ina yini," in ji wata murya, a hankali.

Muryarta ce. Wallahi tata ce. Amma wannan maganar ba ta cikin hirar zogale. Hawaye suka zubo min, na ja jiki na matsa.

"Matso, Dela. Sa hannunki a nan."

Na sandare. Dela sunana ne na ƙuruciya, rabona da jin sa tun mutuwar mijina. Ikilima ko a wasa ba ta taɓa kama shi ba.

Sittin.

Wani sanyi ya naɗe min wuyan hannu, yana jana.

"Saura kaɗan in ƙaraso."

Na san abin da zan rasa. Na yi a'uziyya, na kai ɗaya hannun bayan tebur, na fizge wayar wuta.

Wani abu ya fita ta ƙofa, labule ya bi shi.

Muhammadu Lawal ya tarar da ni a ƙasa da wayar wutar a hannu. Kwana uku yana fama da kwamfutar a shago. Ran na huɗu ya kawo ta, ya durƙusa, ya kasa kallona.

"Ta tashi, Hajja. Amma babu kome a ciki."

Na ce ya kai wa wata makaranta sadaka. Hannuna kuwa har yau ba ya riƙe ludayi.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne wannan. In na rufe ido ina neman dariyar yarinyata, ba ta zuwa. Muryar tana zuwa, amma Dela take ce min.