Duwatsun Iyaka

Kowa ya san Tela da kwaɗayin gida. Zaman haya ya ishe shi, keken ɗinkinsa kuwa ko ƙofa ba zai saya ba, sai ya kai kansa wurin boka.

Ɗakin bokan ba taga. Ƙahoni na rataye, ga ƙwarya cike da baƙin jini, ga duwatsu huɗu nannaɗe da jan ƙyalle.

"Kuɗin gida za su zo," in ji boka. "Amma ranar da mai awo zai kafa duwatsun iyaka, kafin a mai da takarda sunanka, ka musanya na hukuma da waɗannan."

"Me zan biya, ranka ya daɗe?"

"Ni ba komai. Masu duwatsun dai, mutanen ɓoye, suna matsowa da su ciki kaɗan-kaɗan. Abin da suka bari a waje nasu ne."

Tela ya yi dariya. "Fili da faɗi, su matso mana." Wawa, bai tambayi inda za su tsaya ba.

Kuɗi kuwa suka zo, ranar awo kuma Tela ya musanya duwatsun. Lauya ya binciki asalin gidan, mai sayarwa ya sa hannu gaban shaidu, ofishin filaye ya buga hatimi. Tela ya rungume takardar mallaka har da hawaye.

Ba a jima ba ya iske dutse ɗaya a tsakar gida, ya bar ɗakin mahaifiyarsa a waje. Da ya leƙa, tsohuwa ta cika. Da duwatsun suka wuce madafa, matarsa ta jefar da ludayi ta fita titi tana ƙyaƙyata dariya, ba ta ƙara gane kowa ba. Tela ya sa diga, duwatsu ko gezau. Ya ce bari ya gudu, amma da ya tsallake iyaka sai numfashi ya sarƙe, dole ya rarrafo ciki. Tsoro ya kama shi sosai.

Ya kira lauya a waya. "Don Allah ka sayar da shi, ko kyauta ne."

"Maigida, doka ba ta sauya suna sai awo ya dace da takarda. Mai awo kuwa kullum abin da ya samu bai kai na jiya ba. Me zan sayar?"

Ranar da duwatsun suka shigo ɗakin kwanansa, ya zaro tef ɗin da ke wuyansa ya auna tsakaninsu. Ya ɗinka likkafani da yawa, ya san wannan awon: tsawonsa ne shi kansa, da faɗin kafaɗarsa.

Kai mai neman gida a hannun boka, ka ji tsoron Allah. Iyakar abin da zai mallaka maka ke nan.