Ƙarfe Nawa Aka Haife Ki?

Ruwan dare ne ya koro ni rumfar wata mai duba a Busan, Koriya ta Kudu. A ciki ko ƙarar ruwan ba a ji.

Tsohuwar ta rufe fuska da gyale. Ta ce, "Ranar haihuwa, da lokaci."

Na faɗi ranar. "Lokacin kam, Kaka, uwata ce ta sani."

"To kira ta mana."

Na sunkuyar da kai. Shekara uku da rasuwar uwata, ko jana'iza ban je ba, wai aiki.

Tsohuwar ta baza katunan duba. Hannunta na ƙanshin miyar ganyen teku, irin ta masu jego.

Ban faɗa mata sunana ba, amma ta ce, "Ƙarfe huɗun asuba, Hyesuk. Ranar ma sai da kika sa ni jira."