Idon Murja

Kakata Tani ce ta wanke gawar Murja, kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara sa kwalli ba. A bakinta na ji wannan labari.

Zamanin Nasara ne, gyaɗa na tashe. Shitu mijin Murja ɗan dako ne a kasuwar Karaye. Buhun wasu yake ɗauka, masu sikelin sayen gyaɗa suna taunar goro a inuwa, abin yana cin ransa. Wata Laraba da tsakar rana ya kama hanyar Rogo, wurin wani boka mai suna Jibo da ke zaune a kogon dutse.

Kogon ƙarnin jini da tsamin nono yake yi. Ƙoƙuna ne jere a ƙasa, kowanne a kife an danne shi da dutse, ƙudaje sun yi baƙi a kai. A tsakiya ga wata tukunya lulluɓe da jan ƙyalle, tana gumi.

"Sikeli kake so," in ji Jibo, tun Shitu bai zauna ba.

"Da mota, Baba."

"Matarka na goyo?"

"Tana yi."

"Kawo min nononta a ludayi, da tandun kwallinta."

"Ba rai dai, ko?"

"Ka ji na ce rai? Sharaɗina ɗaya ne. Komai ya same ta, kada hannun likita ya taɓa ta. Ran da ya taɓa, ka koma dako."

Shitu ya yi dariya, don Murja ko zazzaɓi ba ta cika yi ba.

A gida ya murje idonsa har ya yi ja. Kowa ya san nonon mai shayarwa ake ɗiga wa ciwon ido, sai baiwar Allah ta tatsa ta ba shi, tana ta yi masa sannu. Wannan sannun ne ya fi ƙona min rai. Ya haɗa da tandun kwallinta ya kai wa Jibo.

Cikin kaka biyu, Shitu ya yi sikeli uku da soro da mota mai kai gyaɗa Kano. A lokacin jaririyarsu Mairama ta ƙi maman hagu, ta rame, ta mutu. Murja ta shafa ta ji wani ƙullutu kamar ƙwallon goriba. Kunya ta sa ta ɓoye, sai maƙwabciyarta Tani ta gaya wa. Wanzami ya yi ƙaho, ya yi sakiya, wurin ya fashe yana wari. Ya tattara kayansa ya ce, "Wannan daji ne, ya fi ƙarfina."

Dajin bai tsaya a mama ba. Ya hau bayan idon hagu yana turo shi waje, tana ganin mutum ɗaya biyu, har fatar ta kasa rufe shi. Wani malamin asibiti da ya zo yin lambar rigakafi ya ce a kai ta Kano da gaggawa.

"Maigida," in ji Murja, "ko a kan buhuna ne a ɗora ni."

"Mota ta cika. Sai wani mako."

Mako tara yana faɗin haka. A na goma ta juyo masa da idon ta ce, "Naka idon dai ya warke, ko?" Kafin la'asar ta cika.

Tani ta shafa idon nan sau uku, ya ƙi rufuwa. Haka aka sa ta a likkafani.

Daga ranar Shitu yake ganin idon a farantin sikeli, a ƙwaryar fura, a rijiya. Da hannunsa ya cinna wa rumbun gyaɗa wuta, ta haɗa da motar. Jibo kuwa, da aka je kogo ba a tarar da ko ƙoƙo ɗaya ba.

Kai mai ƙyashin abin wani, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya karɓar abin da za ka iya mayarwa. Shekara ashirin mutanen Karaye suna ganin Shitu tsumma a jiki, ya sunkuya da buhun yashi a baya, yana ture mutane a hanyar Kano.

"Ku matsa," yake cewa, "asibiti zan kai ta."