Littafin da Ya Zaga Gari

A can da, kafin littattafai su yawaita, an yi wata yarinya mai son karatu. Bayan La'asar takan je gindin tsamiya, inda masu karatu ke musayar littattafai. Duk wanda ya zo sai a ce masa, "Me kake karantawa?"

Ran nan kawunta ya kawo mata sabon littafi mai bango mai sheƙi. Ya yi mata daɗi, amma tana tsoron a ara a lalata, sai ta ɓoye shi a gida. Aka tambaye ta, ta ce, "Ba komai." Washegari ma ta ce, "Ba komai."

In ta tuno abin dariyar ciki, ita kaɗai take dariya. Wata tsohuwa cikinsu ta ce, "Jikata, da aljanu kike hira ne?"

Kunya ta kama ta, ta je ta ɗauko shi.

Aka yi ta ararsa, littafi ya zaga gari. Ya dawo ba bango, ga manja, ga warin hayaƙi. Idonta ya ciko da ƙwalla. Tsohuwa ta ce, "Zauna, 'yar nan. Wai ke ma kin ga laifin jakin nan na cikin labarin?"

Suka yi ta musu har aka kira Magariba.