Hannun da Bai Ɗaga Ba

"Magana ta gaba a taronmu, auren Kwamared Dogo da 'yar mai kamfani."

Sakatariya ce ta faɗa, ko kallon inda yarinyar take zaune ba ta yi ba.

'Yar mai kamfani... Tun ranar da ta fara hawo benen nan da ke saman shagon tayoyi, ba su taɓa kiran ta da wani suna ba sai wannan.

Kujerun ɗakin a zagaye suke, wai don kada wani ya zauna gaban wani. Amma kujerar damanta da ta hagunta kullum babu kowa a kai.

Dogo shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikata, kuma shi ke kula da injin yanka soso a kamfanin katifa na mahaifinta. A can ta fara ganin sa, tsaye kan benci lokacin hutun rana, yana gaya wa ma'aikata cewa wata rana za a yi juyin juya hali, a wayi gari babu maigida babu bara, injin ya zama na wanda ke juya shi. Ita kam, gaskiya, ba jawabin ne ya fara kama ta ba, muryar ce.

"Hasken idona," ya kan ce mata a tashar bas, "a duniyar da muke ginawa babu mai tambayar 'yar wa ce ke."

Ta yarda kuwa, kai da fata! Ta cire 'yan kunnenta na zinari, ta daina shiga motar gida, ta karanta littattafansa masu kauri har kanta ya yi ciwo. In layin shara ya zo kanta, ta share ɗakin taro tas har matakala.

Mahaifinta ya yi faɗa kamar zai ari baki.

"Yaron da ke zuga min ma'aikata? Ba da yawuna ba!"

Tun daga ranar bai sake amsa gaisuwarta ba. Gwaggonta ce kaɗai a gidan ke leƙo ta a ɗaki.

To, ƙungiyar nan tana da ƙa'ida: duk abin da zai taɓa gwagwarmaya sai an ɗaga hannu a kansa. Sakatariya kuma, wadda kowa ya san ta daɗe da sa wa Dogo ido tana son sa, ta lallaɓa ta cusa aurensu cikin abubuwan tattaunawa. Aure fa, jama'a! Kamar maganar yajin aiki.

"Ba ƙin ta nake yi ba," in ji Sakatariya, murya a sanyaye kamar wata baiwar Allah. "Amma ajin masu kuɗi da aka haifi mutum a ciki ba riga ba ce da zai tuɓe. Ranar da muka tsayar da injinan ubanta, a wane ɓangare za ta kwana?"

Wani tsohon direba ya yi gyaran murya.

"Yarinyar nan ta bar daɗin gidansu saboda mu. Me kuma muke nema a wurinta, jini?"

Aka yi ta ja-in-ja a kanta, tana zaune kamar kayan gwanjo. Babu wanda ya ce mata ke me kika ce.

"Masu goyon baya?"

Hannaye suka tashi.

"Masu adawa?"

Wasu suka tashi. Sakatariya ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta yatsina fuska.

"Kunnen doki. Saura shugaba."



Ta ɗago ido ta dube shi. Ɗaga mana, rabin raina... hannu ɗaya kawai...

Dogo ya ƙura wa ƙasa ido, tafukansa biyu a kan gwiwa.

"Wanda magana ta shafa ba ya jefa ƙuri'a," ya ce a hankali. "In babu rinjaye kuma, magana ta faɗi."

Ba ta san lokacin da ta sauko matakala ba. Sai a bakin titi ya cim mata, yana haki.

"Tsaya mana, masoyiyata! Ki fahimce ni..."

"Na fahimce ka."

"Ni na tsara ƙa'idar nan da kaina. In na karya ta don raina, mene ne bambancina da mahaifinki?"

"Shi da bakinsa ya ce ba ya so, Dogo. Kai kana so, ka yi shiru!"

"Bayan yajin aiki zan sake kawo maganar. Wallahi zan shawo kansu..."

"Ka sake zaunar da ni a tsakiyarsu su yi cinikina?" Hawaye suka ɓalle mata. "Na bar daɗin gidanmu domin ka. A can ni maciya amana ce, a nan ni 'yar mai kamfani ce. Duniyar da kake ginawa kowa ya sami wuri a cikinta, ban da ni."

Ya miƙo hannu zai riƙe ta, sai tagar bene ta buɗe.

"Kwamared Shugaba! Ana jiran ka, saura maganar yajin aiki."

Ya dubi tagar. Ya dube ta. Idanunsa sun kaɗa jawur, son da yake mata ba ƙarya ba ne, shi ne ma abin da ya fi ƙona mata rai.

"Minti kaɗan... ki jira ni, don Allah."

Ya juya ya hau.

Ba ta jira ba. Ta shiga bas ɗin farko da ya tsaya, ta zauna can baya ita kaɗai, ta yi kukanta ba mai rarrashi.

A bakin ƙofar gida ta tarar da Gwaggo tana jiran ta.

"'Yar nan, yaya? Me suka ce?"

"Rabi sun so ni, Gwaggo, rabi sun ƙi."

"To shi fa? Shi me ya ce?"

Ta buɗe baki da niyyar kare shi, kamar yadda ta saba kare shi a gidan nan kullum.

"Bai ɗaga ba, Gwaggo," ta ce, ta wuce ɗakinta ta turo ƙofa.