Motar da Ja'afar Ya Zaɓa

Ranar Alhamis da la'asar, a bakin kogin Wudil, can ƙasa da inda masu tifa ke lodin yashi, mutum uku suna zaune cikin wata tsohuwar Golf. Aikin gobe ne ya tara su, amma har yanzu ba a taɓo zancensa ba. Zancen mota ake.

Ja'afar, ogansu, ya miƙa wa Yelwa wayarsa ya ce ya duba da kyau. Mota biyu ce a wurin wani dila a Kano. Ɗaya Mustang ce baƙa, mai kujera huɗu. Ɗayar Marsandi ce ja, kujera biyu, rufinta na naɗewa, cikinta kamar zai lashi kwalta. Ja'afar ba ya shaye-shaye, ba ya caca. Ciwonsa mota mai gudu. Duk aikin da ya yi kyau sai ya sauya wata, kuma sati biyu ke nan ya hana kowa sakat a kan waɗannan biyun.

Ɗan'auta, gajeren da ke riƙe musu bindiga, ya leƙo daga baya yana ɓarar gyaɗa. Shi dai jar yake so, ya ce ko a tsaye take kamar gudu take yi.

"Kai rufe mana baki, me ka sani ban da kunamar bindiga?" in ji Ja'afar. "Direba, faɗi gaskiya. In kai ne, wacce?"

Yelwa ya daɗe yana kallon hotunan. Shi ne direbansu, kuma a cikinsu shi kaɗai ne ɗan Wudil. Ya ce baƙar. Ya yi bayani a tsanake: jar ta fi sauri, ba musu, amma ƙasanta ya yi kusa da ƙasa, ramin damina ɗaya ya isa ya fasa inda baƙin mai ke zama. Baƙar kuwa tana da ɗan tsayi, tana da babban but, kuma in wani abu ya lalace ana iya laluben kayanta a Ƙofar Ruwa. Ja'afar ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗarsa, ya ce magana ta ƙare, baƙar zai ɗauko gobe da safe. Sannan ya maimaita alƙawarinsa: in aikin gobe ya yi kyau, BMW ɗin da yake hawa yanzu ta zama ta Yelwa.

Wannan alƙawarin ne ya kawo Yelwa bakin kogin. A unguwarsu ta Sabon Gari kowa ya ɗauka direban wani dilan motoci ne mai shigo da kaya daga Kwatano. Har ya riga ya faɗa wa matarsa Radiyya cewa maigidansa zai ba shi mota, ita kuma ta faɗa wa maƙwabta.

Sai aka koma kan aikin. Wanda za a tare Alhaji Dalhatu ne, dillalin shanu na Lajawa, wanda ke komawa gida da cinikinsa a buhu duk ranar kasuwar Kara. Yelwa ne ya kawo sunansa. Alhajin aminin marigayi mahaifinsa ne, shi ya karɓa masa auren Radiyya, don haka ya san hanyarsa da lokacin tashinsa. Da ake maganar, Yelwa bai iya ɗago kai ba. Abu ɗaya ya roƙa, kada a harbi kowa. Ja'afar ya rantse masa. Ya ce za a yi aikin da Golf, a yar da ita a wata tsohuwar gonar kaji kusa da Utai, inda zai ɓoye sabuwar motar tun da safe. 'Yan sanda za su nemi matsiyata uku a Golf. Ba wanda zai tsayar da mai kuɗi a sabuwar mota sai don ya sara masa.

Juma'a ta waye da hadari, amma ruwan bai sauko ba. Kara ta cika maƙil. Tireloli sun yi layi, shanu na kuka, dillalai na tafa hannu. Aikin Yelwa shi ne ya sa ido daga nesa. Bai yi sa'a ba, Alhaji Dalhatu ya hango shi bayan an sauko daga masallaci, ya ɗaga masa hannu. Dole ya je ya durƙusa. Dattijon ya tambayi lafiyar mahaifiyar Yelwa, Inna Suwaiba, da ƙafarta, ya tambayi Radiyya, ya tambayi aiki, ya sa aka ƙunso tsire ya ce a kai wa Inna. Yelwa ya karɓa da hannu biyu, idonsa na kan takalmin Alhaji.

Yana miƙewa aka dake shi a baya. Ridwan ne, ɗan Alhaji, wanda suka tashi tare. Ya ce direbansu na kwance da zazzaɓi, yau shi ke jan Baba. Ya ce kuma an sa bikinsa bayan girbi.

"Na ji za ka yi mota, shege. To kai za ka ɗauko mini amarya, kada ka ce ban faɗa da wuri ba."

Yelwa ya yi dariyar da ya iya. Ya zaga bayan wata tirela ya tsaya, ƙunshin tsiren na ƙona masa hannu. Ya san abin da ya kamata ya yi: ya ce wa Ja'afar Alhaji bai zo kasuwa ba. Ya ciro waya. BMW ɗin ta faɗo masa a rai, da yadda zai faka ta a ƙofar gida. Da Ja'afar ya ɗauka, sai Yelwa ya ji bakinsa na cewa su Alhaji sun kusa tashi.

Alhaji Dalhatu da ɗansa suka baro Wudil bayan la'asar a tsohuwar a-kori-kurarsu. Buhun na ƙarƙashin kujera. Dawa ta yi tsayi dama da hagu. Suna tafe dattijon na yi wa Ridwan faɗa a kan sauri, Ridwan na dariya. Daidai wata kwalbati inda hanya ta tsuke, Golf ta fito daga cikin gona ta gitta musu.

Birki! Ƙura ta tashi. Mutum biyu suka diro, fuska a naɗe.

"Kashe mota! Ƙasa—kowa ƙasa!"

Ɗan'auta ya fizgo Alhaji ya tura shi cikin kwata, hularsa ta yi gefe. Ja'afar ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya jawo buhun. Minti ɗaya bai cika ba. Yelwa na zaune a sitiyari, ƙafarsa a kan kuloci. Da ya ga dattijon a kwance cikin taɓo, sai ya leƙo ta taga ba shiri, ya ce a yi a hankali da shi.

Ridwan, da ke durƙushe hannu a ka, ya ɗago. Ya san muryar.

"Yelwa?"

Ɗan'auta bai jira umarni ba. Ƙara biyu—tsuntsaye suka tashi daga cikin dawa. Ridwan ya kife a gefen tayar motarsu.

"Ja mu ware!" Ja'afar ya daka wa Yelwa tsawa, ya ɗora masa bakin bindiga a wuya. Yelwa ya ja. Ta madubi ya hango Alhaji yana rarrafe zuwa wurin ɗansa.

Wani ɗan acaɓa da ya ɓuya a gona shi ya buga waya. Sufeto Nu'uman na cikin sintirin ranar kasuwa a kusa da gada lokacin da saƙon ya iso. Ya kwashi yaransa suka nufi hanyar Lajawa. Sun tarar jama'a sun taru, an lulluɓe Ridwan da babbar rigar mahaifinsa. Alhaji Dalhatu na zaune a ƙasa, bai yi kuka ba. Da Sufeto ya tambaye shi ko ya gane wani, sai ya ce ɗansa ya kira wani suna, amma yana roƙon Allah ya sa kuskure ya yi. Manoma suka nuna ta inda Golf ta bi.

A cikin Golf kuwa, Yelwa na tuƙi hawaye na zuba, bai ma san yana yi ba. Suka bi burtali, suka ratsa ta bayan gonaki, suka shiga tsohuwar gonar kajin. Ɗan'auta ya ruga ya yaye tamfol ɗin da aka rufe sabuwar motar da shi.

Ja ce. Marsandi, kujera biyu.

Yelwa ya tsaya yana kallonta. Ja'afar ya jefa buhun a but, ya buɗe ƙofar direba. Ɗan'auta ya riga ya shige ɗaya gefen.

"Oga, ka ce baƙar."

"Wannan ce ta kwanta mini."

"To ni ina zan zauna?"

"Kai ɗan gari ne, baba. Bi gona ka tafi gida."

Yelwa ya riƙe ƙofar. Ya ce an kira sunansa a gaban Alhaji, wane gida zai je? Ja'afar ya kalli Ɗan'auta. Harsashin ya sami Yelwa a cinya, na biyun ya wuce ta gefen kunnensa ya daki bango. Ya faɗi. Injin ya yi gurnani, motar ta fice da baya, ta juya, ta ɗauki burtalin da gudu. Yana kwance ya ji lokacin da cikinta ya daki wani tudu, ƙarfe ya yi ƙara, amma ba su tsaya ba.

Manoman Utai ne suka fara isowa, da fartanya da sanduna. Cikinsu akwai waɗanda suka san shi. Wani dattijo ya sunkuya ya duba fuskarsa, ya ce wannan ai ɗan Suwaiba ne, jikan mutanen Lajawa. Yelwa ya so a ce sanda aka sauke masa maimakon wannan maganar. Ya tura fuskarsa cikin ƙasa. Da ba don motar Sufeto Nu'uman ta iso ba, da a nan aka gama da shi.

Sufeto bai sha wahalar tambaya ba. Yelwa ya faɗi komai: sunayensu, launin motar, hanyar da suka ce za su bi. Ya ƙara da cewa a duba ƙasa. Aka duba. Daga tudun nan baƙin mai ya ja layi a kan burtali har ya hau kwalta.

Layin suka bi. Ba su yi nisa sosai ba suka hango jar motar a gefen titi, hayaƙi na fita daga gabanta, injin ya ƙone. Ɗan'auta ya fito yana harbi—aka mayar masa, ya faɗi a kan kwalta bai sake motsi ba. Ja'afar ya ɗauki buhun ya faɗa gonar shinkafa. Taɓo ya riƙe shi har gwiwa. A nan suka cim masa, ya ɗaga hannu, makullin motar na rataye a yatsansa. Kafin magariba an ɗaure Marsandin a bayan wata tifar yashi an ja ta zuwa caji ofis, yara na bin ta da ihu ta tsakiyar kasuwa.

Da safiyar Asabar aka yi jana'izar Ridwan a Lajawa. Yelwa na kwance a asibiti, hannunsa ɗaya ɗaure da ankwa a ƙarfen gado, ɗan sanda na zaune a bakin ƙofa. Masu jinya da masu dubiya sai leƙowa suke, su kalle shi su koma suna raɗa. Likita ya ce ƙafar za ta warke amma ba za ta miƙe ba.  Wata ma'aikaciya ce ta faɗa wa ɗan sandan, Yelwa na ji, cewa tun da asuba 'yan'uwan Radiyya suka zo suka tafi da ita da kayanta.

Wajen azahar Inna Suwaiba ta shigo tana dogara sanda. Ta gaida ɗan sandan, ta ba shi haƙurin wahalar da aka sa shi. Aka miƙo mata kujera, ta ƙi zama. Ba ta kalli ƙafar ba, ba ta kalli ankwar ba. Tagar ɗakin take kallo.

Ta ce tun jiya ta kulle ƙofa, ta yi niyyar ba za ta sake fita ba sai an fitar da ita. Da hantsi sai ga ɗan aike daga Lajawa.

"Alhaji ne ya aiko. Ya ce in zo gaisuwa, kada in ɓuya. Ya ce ni ban yi masa komai ba."

"Inna..."

"Ba magana na zo ji ba." Ta gyara mayafinta. "Zan je. Zan shiga cikin matan nan in zauna kusa da uwar Ridwan, kowa ya kalle ni ya ƙoshi. Na biyo ne kawai don ka san inda na nufa."

Ta juya. Yana jin ƙarar sandarta a kan siminti tana nisa a hankali, har ta ɓace cikin hayaniyar baranda. Ya laluba da hannun da ba a ɗaure ba, ya jawo zanen gadon ya rufe fuskarsa. Ɗan sandan ya ce ya buɗe, doka ce sai ana ganin fuskar wanda ake tsaro. Ya buɗe.